Yadda Aka Yi Kiwon Yayana Don Kibiya

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya yawaita hanyoyinta, ya halicci masu hankali 'yan kaɗan, ya warwatsa su nesa da juna. Ni ce Hakama 'yar Gwadabe, ƙanwar Barmo. Allah bai ba ni kyau na a zo a gani ba, bai ba ni dukiya ba, sai ya ba ni maƙogwaro. Duk muryar da ta shiga kunnena ta zama tawa: ta tsoho, ta jariri, ta ƙyaure mai ƙara, ta akuyar da aka taka wa ƙafa. Ku gyara zama ku ji abin da ya same mu a ƙasar Zangarma, ni da yayana. Amma don Allah kada wani ya ce mini "kai, ƙarya ne," domin ni kaina har yau in na tuna sai na ji kaina ya ɗau zafi.

Gishiri muka fita saye, don mun ji an ce na Zangarma babu irinsa. Muka ratsa dajin da itatuwansa ke matsawa gefe idan ka zo zama a inuwarsu. Muka iso kogin da ba ya barin kowa ya haye sai tsoho ya gaishe shi. Na durƙusa a bakin ruwa na tambaye shi gajiya da muryar kakarmu, har da tarinta, ya lafa muka wuce. Muna cikin tafiya muka hango wani baƙin dutse ya tare gabas gaba ɗaya. Barmo ya ce mu hau mu duba hanya. Mun fara hawa ke nan sai dutsen ya ja numfashi.

Ashe kunkuru ne. Girmansa ya kai birni da ganuwarsa. Mutanen wurin Kaka suke ce masa, shi suke bauta wa, yana kwance daidai kan iyakar ƙasashe biyu, Zangarma da Tulluwa. Idanunsa ba sa daina zub da hawaye, hawayen su gangara su bushe su zama gishiri fari tas. Abin da ke fita ta baya kuwa, ku gafarce ni, taki ne, wanda in aka zuba a gona gero sai ya fi mai raƙumi tsawo. Tun kaka da kakanni kansa na Zangarma, wutsiyarsa na Tulluwa. Zangarmawa suka zama fataken gishiri, suka ce albarka a fuska take, sai su tsaya gabansa su ɗaga hannu. Tulluwawa suka zama manoma, suka ce rashin kunya ne jika ya zuba wa kakansa ido, sai su durƙusa ta baya. Wannan saɓanin bai taɓa hana kowa barci ba. Ana tsokanar juna da shi a kasuwa, ana auren juna, a ba da gishiri a karɓi gero.

To, daminar da ta wuce, ko ƙuda ne ya dame shi ko ƙaiƙayi, Allah masani, Kaka ya juya. Kai ya koma Tulluwa, wutsiya ta dawo Zangarma. Fatake suka wayi gari da tsibin taki, manoma da gishirin da ya ƙone musu gonaki. Daga nan ne fa kowa ya tuna cewa maƙwabcinsa ya daɗe yana wulaƙanta Kaka.

Mu ba mu san komai ba muka doshi ƙofar Zangarma. Sai kiɗa, sai guɗa. Aka ɗauki Barmo cak a kafaɗa. Wani mai ƙaton rawani, Tankari Sarkin Gishiri, ya zo ya dafa ƙirjin yayana, ya auna faɗinsa da tafin hannu, ya ce, "Kai, madalla da wannan ƙirji! Ko mai hakiya ba zai kuskure shi ba." Ya dube ni sama da ƙasa, ya taɓe baki. "Wannan kuwa ai tsinke ce. A ba ta tuwo dai."

Aka sauke Barmo a babban gida, aka sa masa masu fifita, ƙarti majiya ƙarfi, kowanne da mafici a hannu ɗaya da kulki a ɗayan. Kullum rago, kullum zuma da nono. Ni kuwa na liƙe a madafa wajen Iya Dudu, tsohuwar da ke dafa masa abinci, mace mai kirki, wadda ba ta ɗora tukunya sai ta fuskanci Kaka ta share hawaye.

Na ce, "Iya, wai haka kuke yi wa kowane baƙo?"

Ta ce, "A'a, 'yar nan, sai baƙon yaƙi."

"Wane ne kuma baƙon yaƙi?"

Tana tuƙa tuwo take ba ni amsa, kamar mai faɗin farashin garin kuka. Kaka ya hana jikokinsa su fara zub da jinin juna. Saboda haka in za a yi yaƙi sai a sami baƙo, a karrama shi, a ɗora shi kan farin jaki, a tura shi tsakiyar fage. Maharban wancan ɓangaren su harbe shi. Sai a ce wayyo, an kashe mana baƙo, an keta alfarmar baƙunci, yaƙi ya halatta.

Na ce, "To su Tulluwawan in suka ƙi harbi fa?"

"Haba, ai mutanen kirki ne, ba za su ba mu kunya ba. Wancan karon su suka kawo baƙo muka harba. Bana mu ke da kawowa." Ta miƙo mini akushi. "Kai wa yayanki, ki ce ya cinye duka."

Na same shi a kishingiɗe yana sakace. Na raɗa masa, "Yaya, kashe ka za a yi."

Ya ce, "Ke dai tun kina ƙarama ba kya son ki ga ina jin daɗi."

"Wallahi kiwonka ake yi!"

"To, a ci gaba. A gida wa ya taɓa yi mini?"

Sai da na kwaikwayi Iya Dudu kalma da kalma, na kwaikwayi ƙarar kibiya ta wuce ta gefen kunnensa, sannan ƙashin ragon da yake riƙe da shi ya faɗi daga hannunsa. Ya ce mu gudu. Muka gwada katanga, na haye kamar ƙadangare, shi kuwa ya maƙale a sama, tumbi a ciki ƙafafu a waje. Masu fifita suka sauko da shi cikin ladabi, suna yi masa sannu, suka ƙara masa rago don ya huce.

Na ce a raina, tunda sun ce don Kaka za su yi yaƙi, bari Kaka ya yi magana. Kowace safiya Zangarmawa kan taru a bakin iyaka su hangi fuskarsa daga nesa suna kuka, babban mai tsafinsu, Magajin Ido, yana gaba da doguwar sanda. Na zagaya ta cikin gonakin Tulluwa, na hau ta ƙafar Kaka, na shige wani lungu tsakanin wuyansa da ƙoƙon bayansa, inda ko tari ka yi sai ya fita kamar tsawa. Na haɗa muryar bajimin sa da ta rugugin hadari, na ce:

"Jikokina! Ba na son yaƙi. Ƙaiƙayi ne ya juya ni. Ku koma gida!"

Jama'a suka zube ƙasa ta ɓangaren nan da wancan. Na ce alhamdu lillahi, an gama. Sai na ji Magajin Ido ya ɗaga 'yar siririyar muryarsa, wadda ke fita ta hanci kamar ta sauro a cikin tulu.

"Kun ji? Kun ji yadda muryarsa ke rawa? Fuskarsa tana hannun maƙiya, tilasta shi suka yi! Wane kaka ne zai ce ƙaiƙayi a gaban jikoki in ba wuƙa aka sa masa a wuya ba?"

Aka ɗau kururuwa. Na juya wajen Tulluwa ko su za su ji. Nasu mai tsafin ya toshe kunnuwa da yatsu yana cewa, "Mu tun asali ba ma sauraron abin da ya fito ta gaba." Na yi tunanin in zagaya in yi musu magana ta wutsiya, amma akwai iyakar abin da 'yar mutunci za ta kwaikwaya.

Na sauko ina huci. Na ce to, tunda ba a jin Kaka, bari in nemi waɗanda ake ji. Na riga na lura cewa Tankari yakan zauna da Sarkin Rumbu na Tulluwa a inuwar Kaka, a bakin iyaka, da zana a tsakaninsu, don al'ada ta hana maƙiya ganin fuskar juna. Na taɓa kai musu fura na ji suna shawarar wane maharbi ya fi saiti. Sarkin Rumbu mutum ne mai nishi, ba ya ƙare magana sai ya ce "to, to, to." Ran da Tankari ya riga shi zuwa, na laɓe ta bayan zana, na ja nishi.

"Tankari, ni fa abin nan ya ishe ni, to, to, to. Gishiri ya taru mana har bakin ƙofa, mutanena ba su san hanyar kasuwa ba, raƙumi ma tsoronsa suke. Ku kuma ga taki, ba wanda ya iya riƙe fartanya. Ku zo ku kwashi gishiri ku kai kasuwa yadda kuka saba, mu zo mu nome muku ƙasa, a raba. Ina roƙonka, to, to, to."

Sai na ji Tankari yana lissafi da yatsu. Washegari na yi wa Sarkin Rumbu irin wannan da muryar Tankari. Da suka haɗu da gaske, kowanne ya zo yana hura hanci don yana zaton ɗayan ne ya fara roƙo, kafin fura ta ƙare sun daidaita. Wato abin da Kaka da girmansa ya kasa, ya faru kafin a wanke ludayi.

Tankari ya hau kan kantun gishiri a tsakiyar kasuwa ya yi gyaran murya. "Jama'ar Zangarma, an samu maslaha. Ba sai an yi yaƙi ba. Gishirinmu zai dawo."

Ba wanda ya yi guɗa. Sai wani abu ya taso daga cikin taro ya daki rawaninsa. Muciya ce. Iya Dudu ce ta fito, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Gishiri? Wa ya yi maka zancen gishiri? Ba kai ka tsaya nan ka ce mana Kaka kukan kewarmu yake yi ba? Ba kai ka saya wa Magajin Ido sabuwar riga ya zagaya gida gida yana faɗa ba? Na ba da 'ya'yana duka, na ɗinka musu likkafani da hannuna. Fuskar da uwata ta kai ni gabanta ina goye tana hannun masu durƙusa wa wutsiya, kai kuma ka ce maslaha?"

Mutane suka fara sunkuyawa suna tsintar duwatsu. Na ga idon Tankari ya zagaya taron, ya dubi duwatsun, ya dubi hanyar gidansa. Sai ya buɗe hannuwa ya yi dariya.

"Madalla! Gwada ku na yi! So nake in ga ko akwai mai sayar da Kaka a cikinku. Gobe da hantsi a fito da baƙo!"

Suka ɗauke shi a kafaɗa. Ni kuwa na zauna a kan turmi na rasa wanda zan fara shaƙewa.

Da hantsi aka fita fage. Rundunar Zangarma ta yi sahu a nan, ta Tulluwa a can, maharbansu a gaba sun ɗana kibau, ɗaya har yana ɗago wa Tankari hannu. Aka ɗora Barmo kan farin jaki, jakin ya yi nishi. An sa masa farar riga, an zana masa jan da'ira a ƙirji don sauƙaƙa wa maƙwabta. Barmo ya dube ni. "Hakama, ki ce wa Inna na tuna da ita." Duk muryoyin da ke maƙogwarona, na nemi tawa na rasa.

Magajin Ido ya matso yana yi masa addu'ar sallama, yana kaɗa sanda, sai sandar ta suɓuce ta faɗi a gindin jakin, dab da ƙafar Barmo. Na ga abin mamaki. Kowa ya ƙame. Ba wanda ya ce masa miƙo. Wani dogari ya taso daga can ƙarshen sahu yana sanɗa zai zo ya ɗauka.

Na taɓa Iya Dudu. "Iya, ga ta a ƙafarsa, me zai hana a ce ya miƙa?"

Ta rufe mini baki da hannu. "Kul! Ba a aiken baƙo. Duk baƙon da ɗan ƙasa ya aika, ya kuma je aiken, ya zama ɗan gida, jikan Kaka. Wa zai harbi jikan Kaka?"

Ban jira ta rufe baki ba. Na sulale bayan mai riƙe wa Magajin Ido laima, na matse hancina, na saki sauron nan na cikin tulu yadda duk fagen zai ji:

"Kai Barmo, ɗan albarka, sauko ka miƙo mini sandata!"

Yayana, Allah ya yi masa albarka, bai taɓa yi wa babba musu ba. Ya sulmiyo daga kan jaki, ya ɗauki sanda, ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu. Magajin Ido kuwa, don sabo, ya karɓa.

Sai Magajin Ido ya yar da sandar kamar maciji. "Ban ce ba! Wallahi, na rantse da idon Kaka, ban buɗe baki ba!"

Tankari ya ce, "Bai ce ba! Kowa ya ga bai ce ba! A mai da shi kan jaki!"

Iya Dudu ta ratso sahu ta tsaya gaban Barmo, ta fuskanci Magajin Ido. "Ranka ya daɗe, tun ina budurwa nake jin muryar nan kowace safiya. Ka ce, na ji, kowa ya ji. Ka kuma karɓa. Yaron nan jikan Kaka ne. Wanda zai taɓa shi ya fara da ni." Sojojin da jiya suka ɗauki duwatsu don a yi yaƙi, su ne yau suka gyaɗa kai suka kewaye yayana. Dokar Kaka ce, kuma su da gaske suke.

Daga can maharban Tulluwa suka ƙwalo kira, "Wai ina baƙon? Rana na yi, hannunmu ya gaji!"

Sai na ga Tankari yana dube-dube, har idonsa ya sauka a kaina. Ya yi murmushi. "Af! Ashe muna da saura. Tsinke ce, amma a matsar da ita kusa da su."

Kafin in ce me, masu fifita sun ɗaga ni sun ɗora kan jaki. Wani ya zo da jan fenti yana neman inda zai zana da'ira. Na buɗe baki zan sake aron wata murya, Tankari ya ce, "Kowane ɗan ƙasa ya kama bakinsa da hannu, kada a sake kuskure!" Duk rundunar ta rufe baki, har Magajin Ido. In murya ta fito yanzu, kowa zai san daga ina take. Aka ja jaki aka nufi tsakiyar fage. Na hangi tsinin kibau suna ƙyalli.

Mutum ɗaya ne bai rufe baki ba, don shi bai saba da zama ɗan ƙasa ba. Yana zaune a ƙasa yana haki, gumi ya jiƙa farar rigar. Ya ɗago kai ya ce:

"Ke Hakama, kafin ki tafi, miƙo mini gorar ruwan can. Maƙogwarona ya bushe."

Jama'a, tunda uwarmu ta haife ni ban taɓa zuwa aiken Barmo ba. In ya ce ɗebo ruwa, sai in maimaita masa da muryarsa in wuce. Ran nan na diro daga kan jaki kamar an harbo ni, na suri gora, na durƙusa har ƙasa, na ce, "Ga shi, Yaya." Ya karɓa ya sha.

Iya Dudu ta sauke hannu daga bakinta. "Jikan Kaka ya aike ta, ta je."

Tankari ya cire rawani ya buga da ƙasa. Runduna biyu suka tsaya cirko-cirko a rana, ga baka ga kibiya ga likkafani, babu baƙo. Aka fara tambayar juna ko wani yana da suruki daga nesa. Aka ja farin jakin aka kai inuwa. Mu kuwa, da yake mun zama 'yan gida, ba wanda ya ƙara kallonmu, ko ruwa ba a sake yi mana tayi ba. Muka bi ta bayan sahu muka kama hanya, Barmo na waiwaye yana cewa akwai sauran cinyar rago a ɗakinsa.

Mun yi nisa sai ga wani bafatake da jakinsa, ƙato, mai faɗin ƙirji, yana waƙa. Ya yi mana sallama ya ce, "'Yan'uwa, nan ce hanyar Zangarma? Yaya suke da baƙo?"

Na zaunar da shi na zayyana masa komai, tun daga kiɗan tarba har jan da'ira. Ya saurara da kyau, yana gyaɗa kai. Da na gama ya ce, "Rago kika ce? Kullum?" Ya kaɗa jakinsa ya yi gaba.

Na ce wa Barmo ya riƙe mini kaya. Na zagaya ta cikin ciyawa na riga mutumin zuwa wata kwanar hanya, na cika ƙirji, na yi rurin zaki mai jin yunwa. Bafatake ya juya da gudu, jaki na bin sa, ya bi hanyar da ya fito. Da na dawo na tarar da kayana a zube a hanya, yayana kuma ya ranta a na kare, ya ma wuce bafataken.

Ko sun sami baƙo daga baya, ko har yanzu suna tsaye a rana, ko Kaka ya sake jin ƙaiƙayi, ban sani ba, ban kuma koma tambaya ba. Nan zan ajiye zance, Allah ya raba mu da karramawar da ta wuce hankali. Abu ɗaya ne ya rage mini a rai. Barmo ya rantse wa duk garinmu cewa dabara ya yi, ni kuwa na ga yadda ya shanye gorar nan har ɗigon ƙarshe. Tun daga ranar bai daina aikena ba. In na ɗaure fuska sai ya miƙe ƙafa, ya ce, "Ke, aikena ne fa ya cece ki. Tashi ki ɗauko mini takalmi."